'Ya'yan Inna Kande da Fanka ta Sha Ɗaya

Ku gyara zama, ku kuma bar ni in kai ƙarshe kafin wani ya ce uffan, don na san halinku, tun ban rufe baki ba za ku rabu gida uku. Labarin 'yan'uwa uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya, da abin da ya shiga tsakaninsu a Tudun Kirya.

Tudun Kirya wani dogon tudu ne da iska ba ta ɗaukewa a kansa, rani da damina. Shi ya sa wani kamfani ya zo ya kafa fankokin lantarki goma sha biyu a jere, daga yamma zuwa gabas, kowace da lambarta. Kowace fanka tana bisa farar hasumiya da ta ninka giginya uku a tsawo, tana da fikafikai uku, kowane fiffike ya fi tirela tsayi. Wutarsu ce ke tayar da famfunan ruwa na garuruwa biyar da asibitin yankin.

In kana ƙasa sai ka ga kamar a hankali suke juyawa. Amma can ƙarshen fiffiken, gudun da yake yi babu motar da ta taɓa yin irinsa a titi. A wannan gudun ɗigon ruwan sama dukan tsakuwa yake yi. Yakan fara da kankare fenti a goshin fiffiken, wato gefen da ke sarar iska. Daga nan ya yi masa 'yan ramuka kamar zanzana. Sannan ya ci gaba da ci har ya kai ga haɗin da ya riƙe ɓari biyu na fiffiken, ruwa ya shiga ciki, wata rana ya tsage. Daga ƙasa ba a ganin wannan. Sai an tsayar da fanka yini guda, mutum ya hau ya sauko da igiya yana shafawa da hannu, kuma duk yinin da aka tsayar sai an rage wa wani gari wuta.

Wani sashe na tudun gonar marigayi Malam Namadi ce, don haka kamfani ya ɗauki 'ya'yansa uku aiki. Uwarsu, Inna Kande, tana nan da ranta, tana sayar da daddawa da kuka.

Badamasi ne babba. Karatunsa bai wuce firamare ba, amma tun yana yaro babu giginyar da ta gagare shi. Kamfani ya tura shi horo ya dawo da takardar sauka da igiya, kuma a lokacin da nake ba ku labari shi kaɗai ya rage mai ita a tudun. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai yawan riƙo.

Hansatu ce ta tsakiya, kuma ita ce wadda na fi sanin cikinta a labarin nan. Ta gama sakandare, ta yi aure a cikin gari, tana da 'ya'ya biyu. Aikin da aka ba ta shi ne mafi ƙanƙanta a wurin. Kullum da hantsi za ta zaga bayan ofis ta duba ma'aunin ruwan sama, wata kwalba mai mazurari a ka, ta rubuta abin da ya taru. Ko kujera ba ta da ita. A tsaye take rubutu, a jikin taga.

A daminarta ta farko ta shanya garin masara a faranti, sai hadari ya taso ba shiri. Kafin ta kwashe, ɗigon farko sun zuba a kai. Da garin ya bushe ta zo tankaɗe, sai ta ga kowane ɗigo ya bar gudajinsa, wani kamar ƙwayar gero, wani kamar dawa, wani har ya kusa wake. Ta daɗe tana juya su a tafin hannu. Ta ce a ranta, kwalbar ofis tana faɗin yawan ruwa, amma ba ta faɗin girman abin da ke dukan fikafikan nan.

Daga ranar, in hadari ya haɗo mutane suna gudu gida, ita sai ta ɗauki faranti uku masu murfi da gari a ciki ta hau tudu. Ta buɗe ɗaya a farkon ruwa, ta ƙirga huɗu, ta rufe. Haka a tsakiya, haka a ƙarshe. A gida ta busar a kasko, ta tace da rariya uku, ta ƙirga manya da matsakaita da ƙanana, ta rubuta rana da sa'a da gindin fankar da ta tsaya. Yau gabas, wani ruwan yamma. Ma'aikata suka sa mata suna mai yi wa hadari tuwo. A damina ta huɗu sanyi ya kama mata ƙirji, ta yi kwana goma sha biyu a asibiti, da ta fito ta ɗauki farantanta ta koma. Damina bakwai, littafi bakwai. Ta lura ruwan gabas ya fi manyan ɗigo, amma iyakar abin da ta iya gani ke nan. Lambobin sun fi ƙarfin lissafinta, kuma babu wanda ya taɓa neman ya buɗe ko shafi ɗaya.

Lurwanu ne auta, ɗan lelen Inna. Shi ya je jami'a ya dawo ana ce masa Injiniya. Ranar da ya fara aiki aka ba shi tebur da kwamfuta da kujera mai juyawa, aka ajiye su daidai jikin tagar da Hansatu take tsayawa. Dole ta koma rubutu daga waje. Masu gadi suka riƙa rusuna masa. Badamasi kuwa, da ya yi shekara tara yana lilo a sama, yanzu takardar aikinsa sai ƙanensa ya sa mata hannu.

A shekarar nan fiffike ɗaya tak ya rage sabo a ajiye a farfajiya. Babbar motar ƙugiya mai ɗaga kaya za ta zo daga kudu a tsakiyar marka, ta yi mako guda ta koma, ba za a sake ganinta ba sai baɗi. Fiffike talatin da shida a sama, ɗaya za a canza. Manaja, wani dattijo mai bin ƙa'ida da ake kira Injiniya Mamuda, ya buɗe littafin masu ƙera injin, littafin ya ce a fara da wadda ta fi daɗewa tana aiki, wato fanka ta uku. Lurwanu ya ce littafin nan an rubuta shi ne a ƙasar da ruwanta yayyafi ne, ba irin namu mai zuwa da fushi ba. Ya ce shi zai iya lissafo wadda ruwa ya fi ci, in ya samu bayani. Sai ya tuna da yayarsa.

Ya ce, "Yaya Hansatu, littattafan nan naki na gari, ki ara mini in leƙa mana."

Karo na farko ke nan da wani ya tambaya. Ranar har ta isa gida murmushi bai bar fuskarta ba. Ta riƙa kawo masa bibbiyu har ya karɓi shida. Na damina ta biyar yana cikin akwati a ɗakin Inna. Ranar da ta ɗauko shi, ta iso jikin taga da shi a ƙarƙashin mayafi, sai ta ji muryar Lurwanu daga ciki yana ce wa manaja, "Bayanan da na tattara na shekara bakwai, ranka ya daɗe, babu mai irinsu a ƙasar nan."

Manaja ya ce, "Lalle ka yi ƙoƙari, Lurwanu."

Hansatu ta tsaya tana jiran ta ji sunanta. Suka yi maganar motar ƙugiya, suka yi maganar mai, har manaja ya tashi. Ta juya da littafin ta mayar da shi akwati. Da Lurwanu ya tambaye ta na biyar, ta ce gara ta cinye shi. Ta kuwa san abin da ke cikinsa. A daminar ce aka yi ƙanƙara sau biyu a gabashin tudun, aka yi ɗigon da babu rariyar da ya wuce.

Lurwanu ya cike gurbin shekarar da kintace, lissafinsa ya nuna fanka ta tara. Manaja ya yarda aka tsayar da ita. Badamasi ya yini a jikin fikafikanta, da la'asar ya sauko, ya kwance ɗamarar hawa a gaban kowa ba gaggawa, ya ce, "Fenti ne ya ɗan ƙuje. In kwamfuta mai shafa fenti take nema, ga ni." Aka kwashe da dariya. Manaja ya haɗe rai ya koma kan maganar fanka ta uku.

Ba zan ɓoye muku ba, Hansatu ta ji daɗi. Ranar har nama ta saya ta sa a miya. Kwana biyu tana wucewa ta jikin taga tana ganin ƙanenta ya haɗa kai da tebur, ba ta ce masa sannu ba.

To, a gindin fankokin gabas, inda hanya biyu suka haɗu, akwai kasuwa da ke ci duk Alhamis. Ta faro ne daga mata masu sayar wa leburori abinci lokacin da ake kafa fankokin, ta girma har aka yi rumfuna. Kamfani ya kafa alluna na a matsa nesa, mutane suka rataya musu tabarmi. Nan Inna Kande take kasa daddawarta. Ranar Alhamis Hansatu ta kai mata abinci, ta zauna kusa da ita. Inuwar fiffike ta riƙa wucewa ta kan farantin Inna, ta wuce ta dawo, ta wuce ta dawo. Sai Hansatu ta tuna a nan wurin ta tsaya a damina ta biyar ƙanƙara tana dukan bayanta. Ta ɗaga kai ta dubi ta tara, ta goma, ta sha ɗaya, ta sha biyu. Duk farare tas, babu wadda ta fi wata. Ta san ɗayarsu ta sha duka, amma ba ta san wacce ba.

Inna ta ce, "Autana ba ya cin abinci kwanan nan. Kin san abin da ke damunsa?"

Ta ce, "Aiki ne kawai, Inna."

Duk da haka sai da ta ƙara kwana uku tana riƙe da littafin. In ta tuna inuwar nan sai ta nufi akwati, in ta tuna muryarsa yana cewa "na tattara" sai ta fasa. Ranar Litinin motar ƙugiya ta iso, aka fara haɗa ta a gindin fanka ta uku. Da hantsi Hansatu ta shiga ofis ta ajiye littafin a teburinsa.

Ta ce, "Na same shi a ƙasan akwati."

Lurwanu ya buɗe shafi bayan shafi, ko ɓula ɗaya babu. Ya ce, "Garar ba ta da haƙora ke nan, Yaya."

Ta ce, "Ita ma ta ji an ce kai ka tattara, sai ta bar maka kayanka."

Ya sunkuyar da kai. Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta ba shi ba.

Abin da Lurwanu ya yi daga nan, gaskiya babu wani a tudun da zai iya yinsa. Kowace fanka tana ajiye bayanin gudunta a cikin na'ura, sa'a bayan sa'a, shekara da shekaru. Ya ɗauki kowane ruwa da Hansatu ta rubuta ya ɗora shi a kan gudun kowace fanka a daidai wannan sa'ar. Sai ya gano cewa duk sau biyun da aka yi ƙanƙara, ta tara da ta goma da ta sha biyu sun tsaya da kansu saboda matsalar wuta, ta sha ɗaya kuwa tana kan cikakken gudu. Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki baƙar maganar da Badamasi ya yaɓa masa, cewa fenti ne kawai ya ƙuje a ta tara, ya mayar da ita ma'auni, ya gyara lissafinsa har ya ba da wannan amsar a kan ta tara. Sannan ya sake shi a kan sauran. Yini biyu ba ya tashi sai salla. Amsar da ta fito ita ce goshin fikafikan ta sha ɗaya ya riga ya cinye tun bara, kuma da wuya ta jure manyan ruwa uku nan gaba.

Ranar Laraba da safe ya kai wa manaja. Injiniya Mamuda ya ce, "Ka kunyata ni sau ɗaya, garuruwa biyu sun yini babu ruwa saboda kai. Yanzu kuma in tayar da motar da aka riga aka kafa?"

Lurwanu ya ciro katin aikinsa daga wuya ya ajiye a tebur. Ya ce, "A duba ta, ranka ya daɗe. In ba a samu komai ba, ga katina, ba sai an kore ni ba."

Hansatu tana jikin taga. Ta ji tsoron da ke cikin muryarsa, ta ji wani abu ya motsa mata a kansa. Amma ta kuma lura har yanzu bai ambaci sunanta ba.

Manaja ya ce sai in Badamasi ya gani da idonsa. Aka kira shi. Da ya ji bayani ya ce, "Kwamfutar ta hau mana." Har ya juya zai fita, sai idonsa ya faɗa kan katin. Ya tambayi na mene ne, aka gaya masa. Sai ya ce, "A bar shi nan inda zan gan shi in na sauko." Ya ɗauki ɗamararsa.

Bayan azahar aka tsayar da fanka ta sha ɗaya. Gabas ta fara duhu. Hansatu tana gindin hasumiyar da farantanta kamar kullum, amma ranar ko ɗaya ba ta buɗe ba. Badamasi ya sauko jikin fiffike na farko, ya ce ta rediyon oba-oba ramuka ne da yawa amma bai tsage ba. Ya koma sama, aka juyo na biyu, shi ma haka. Kafin nan la'asar ta yi, iska ta fara kaɗa rigunan mutane, ana jin rugugi daga nesa. Dokar aikin ta hana mutum zama a igiya a irin wannan yanayi.

Manaja ya ce, "Ya isa, Badamasi. Biyu sun wadatar, sauko."

Hansatu ta dubi Lurwanu, ta ga leɓensa ya bushe. Da a ce Badamasi ya sauko a nan, da ya riga ya samu abin da ya hau nema, wato kayar da ƙanensa, kuma babu mai zarginsa. Sai muryarsa ta fito a rediyon, "A juyo na ukun. Ba zan bar wa Lurwanu ƙofar da zai ce ba a gama dubawa ba."

Aka juyo. Ya sauko a hankali, daga ƙasa kamar gizo-gizo a zare. Kusa da ƙarshen fiffiken ya tsaya, ya daɗe bai motsa ba. Sai Hansatu ta ga ruwa yana kwarara daga jikin fiffiken kamar an karkata tulu, alhali ko ɗigo bai fara sauka daga sama ba.

Ya ce, "Ku kulle ta. Hannuna ya shige har gwiwa."

Bai rufe baki ba iska ta ɗauke shi ta yi waje da shi, ta dawo ta maka shi da jikin hasumiya. Kafaɗarsa ta dama ta karye. Da hannu ɗaya ya sauko, cikin ruwa, kamu bayan kamu, ba ya amsa rediyo. Hansatu da Lurwanu ne suka tare shi a ƙasa. Bai dubi kowa a cikinsu ba.

Washegari Alhamis, kasuwa ta cika, sai ga hadari da tsakar rana irin wanda aka yi shekaru ba a gani ba. Ya yaye rufin kwano a cikin gari, ya kayar da bishiyoyi. Mutanen kasuwa suka cunkushe a rumfuna, Inna Kande tana cikinsu. Fanka ta sha ɗaya tana tsaye a kulle a kansu. Ranar Asabar motar ƙugiya ta sauko da fiffiken, yana taɓa katakon da aka shimfiɗa masa ya dare, tsagar ta kai tsawon mutum uku. Injiniya Mamuda ya dubi hasumiyar, ya dubi rumfunan kasuwa, ya zauna a ƙasa da fararen kayansa.

Kuna tsammanin nan suka shirya? Nan abin ya ƙara zafi. Gari ya ɗauki sunan Badamasi, asibiti ya cika da masu dubiya, matan kasuwa suna kai masa fura da ƙwai. Manya daga babban ofishin kamfani suka zo suka yi musabaha da Lurwanu, aka ɗauke su hoto a gaban tsagaggen fiffiken. Badamasi yana kwance aka nuna masa hoton, ya juya fuska bango. Lurwanu kuma yana ji ana cewa a gari kwamfuta ta yi canki sau biyu ta dace da ɗaya, yana kuma ganin Inna ta tare a bakin gadon yayansa tana ba shi abinci a baki. Ita kuwa Hansatu, wata mata ta tare ta a bakin famfo ta ce, "Ashe 'yan'uwanki ne suka ceci kasuwa? Kin yi sa'ar 'yan'uwa." Ta ce, "Haka ne." Ta koma gida ta rufe ƙofa ta yi kukan da ba ta yi ba ko lokacin da take kwance a asibiti.

Da gari ya waye ta ɗauki farantan da rariyoyin da wani gwangwani cike da gudajin gari ta jere su a teburin manaja. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka tambayi Injiniya Lurwanu yadda ake tattara bayanin." Aka kira Lurwanu. Bai musa ba, ya ce rubutun duk nata ne. Amma ya ƙara da cewa, "A tambaye ta kuma inda littafi na biyar ya kwana har aka tsayar da ta tara a banza." Ita ma ba ta musa ba.

Bayan mako biyu takarda ta zo daga babban ofis. Kamfani zai buɗe sashe na musamman mai kula da fikafikai a duk wuraren da yake da fankoki, yana son shugaba ɗaya daga Tudun Kirya. Za a tura shi horo na wata shida a ƙasar waje, kuma da sunansa za a riƙa kiran wannan hanya ta gano ɓarnar ruwa. Takardar ta ce ba shaidar karatu ake nema ba, wanda aikin ya tsaya a kansa ake nema. An bar gurbin suna ɗaya, a mayar da ita kafin Juma'a.

Kowa a cikinsu yana da abin da zai rasa. Likita ya ce da wuya kafaɗar Badamasi ta sake ɗaukar igiya, kuma ban da igiya ba shi da wata sana'a a wurin. Lurwanu ya ce in aka ɗora masa wanda bai san lissafin ba, gara ya bar garin. Hansatu kuwa ta san in wannan ta wuce ta, a jikin tagar nan za ta tsufa.

Injiniya Mamuda ya kwana uku da takardar, ya kasa. Ranar Laraba da la'asar ya ɗauke ta ya kai gidan Inna Kande, ya durƙusa ya ce, "Inna, ke kika haife su, ke kika fi ni saninsu. Sunan da kika faɗa shi zan rubuta."

Inna ta sa aka kira su. Suka zauna a tsakar gida, kowa a tabarmarsa.

Badamasi, hannunsa a saƙale, ya ce, "Takarda ba ta tsayar da fanka, Inna. An riga an ce in sauko. Da na sauko, da yanzu zaman makoki muke yi. Su me suka rasa? Ni hannu na bari a can."

Lurwanu ya ce, "Yaya, shekara tara kana hawa, ba ka taɓa cewa a duba ta sha ɗaya ba. Kuma ba don Inna ka hau ba, don katina ka hau. Littattafan Yaya Hansatu kuma shekara bakwai suna akwati ba su ceci kowa ba sai da suka zo hannuna."

Hansatu ta juya ga Lurwanu. Ta ce, "Kwamfutarka da ba ta da littafina ɗaya, ina ta nuna? Ɗaya kawai, ba bakwai ba. Yaya ya hau yini guda, kai ka zauna yini biyu. Ni damina bakwai na yi a cikin ruwa ana yi mini dariya, har da ku biyun."

Badamasi ya ce, "Kin kuma zauna kusa da Inna a kasuwa da littafin a akwati, kika ƙara kwana uku."

Ta dubi ƙasa.

Inna Kande ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Ranar nan ni ina cikin rumfa ina riƙe da farantina kada iska ta ɗauke. Ban san komai ba. Yau ne nake jin cewa ku ukun kuka tsirar da ni, kuma yau ne nake jin cewa babu wanda ya yi don ɗan'uwansa." Ta juya ga manaja ta ce, "Ka ba ni zuwa gobe."

To, ga ku ga Inna Kande, gobe kuma ta kusa. Hansatu ta ga abin da babu wanda ya gani, ta ba shi damina bakwai na rayuwarta ba wanda ya sa ta, ba don ita ba babu abin lissafawa, amma ta ɓoye littafin alhali ta san uwarta tana zaune a ƙarƙashin fankokin. Lurwanu ya mayar da gudajin gari ya zama lamba sha ɗaya, ya gyara kuskurensa, ya ajiye aikinsa a kan maganarsa, ba don shi ba da sabon fiffiken yana kan fanka ta uku, amma ya kira gumin yayarsa nasa. Badamasi ya zauna a igiya bayan an ce ya sauko, ya sa hannu a cikin tsagar, ya faɗi gaskiyar da ta wanke wanda ya hau ya kayar, ya kuma bar kafaɗarsa a can, amma da bakinsa ya faɗi abin da ya kai shi.

Gurbi ɗaya ne a takardar. Ku gaya mini, sunan wa ya kamata Inna ta faɗa?